Ni ma na jera nawa

Asabar da dare, unguwar Ranuna

Tun da safe Hajiya, mahaifiyata, ta sa abaya tana jiran ɗana Mansur ya kai ta masallacin Ƙuba. Shi kuwa yana ɗaki yana ɗaukar bidiyo, wai yana jera gwanayen tseren babur na ƙasar Suwidin, masu zagaye fili ba birki. "Daƙiƙa, ya Kaka," yake ta cewa, har rana ta take, tsohuwa ta cire abayarta.

Muna cin abinci na ce, "Ni ma na jera 'ya'yana. Yusuf na ɗaya, marigayi Bashir na biyu."

"Ni fa?" in ji Mansur.

"Ai jerin gwanaye ne."

Ya ajiye cokali ya tashi. Hajiya ta ce na tsananta. Ƙato ɗan shekara talatin! In yunwa ta kama shi, Suwidin ta ciyar da shi. Na kulle kicin.