Surukin Inna Ba Zai Iya Duba Ƙafarta Ba

Zuwa ga Maigirma Shugaban Kwamitin Haɗin Gwiwa Tsakanin Gwamnati da Ƙungiyar Kula da Tsofaffi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ni ce Zuwaira, 'yar Hajiya Rakiya mai daddawa ta nan Matameye. Malamar lakkwal ce ni, wato makarantar boko, a Dungu, ƙarshen mako nake zuwa gida. Kuka na kawo, ranka ya daɗe, amma kukan wanda ya ci moriyarku ne.

Da farko, godiya. Tun da kuka fara tura masu ziyara gida-gida suna yi wa tsofaffi awon tansiyo, wato hawan jini, da na sukari, hankalina ya kwanta. Inna, wato mahaifiyata, ciwon sukari ke gare ta, ita kaɗai kuma take a gida tun rasuwar babanmu. Wadda kuka fara turo mata wata yarinya ce, Nana. Kai, Allah ya yi wa Nana albarka! Inna takan miƙe mata ƙafa a kan tabarma, ta yi ta tsokanarta wai hannunta kaushi, mijin da zai aure ta ya shiga uku. Nana tana dariya tana buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa fita gidanmu ba sai da ƙullin daddawa.

Na biyu, inda aka samu kuskure. Bayan girbin bara kuka sake tsari, kowane mai ziyara da unguwarsa. Aka mayar da Nana can hanyar Kance. Wanda unguwarmu ta faɗo wa kuwa shi ne maigidana, Baban Nafisa, mijin 'yar Inna ta fari, wato ni. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da wannan yake nufi. Tun da aka ɗaura mana aure Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana kallo ba. Shi ma daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa. To wannan ne zai ce mata ta janye zane ya ga ƙaurinta?

Ga yadda ziyarar ta koma. Yana sallama Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ta ce lafiya lau. Ta ziro hannu ta ƙasan labule, ya soki yatsa ya auna yana zufa kamar mai noma. Ƙafa kuwa, wadda ita ce abin tsoro ga mai sukari, babu mai zancenta. Maigidana bai ɓoye matsalar ba, wallahi. Shi da kansa ya je buronku, wato ofishinku, ya roƙi a musanya shi da Nana a gida ɗaya tak. Ni ma na je. Aka karɓe mu da fara'a, har da ruwan sanyi, aka ce rabon daga sama ya zo, kuma aikin lafiya ba ruwansa da kunya. Wata budurwa ma dariya ta yi. Ban ji haushinta ba, ba ta yi suruki ba tukuna.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ƙaya ta soki Inna a gindin ɗorawa. Ta sa safa ta rufe, in na zo ta ce sanyi take ji. Ni ma ba ta nuna mini ba, don ta san zan gaya masa, shi kuma aikinsa ne ya duba. Wari ne ya tona. Ranar da na cire safar nan da ƙarfi ina kuka, babban yatsa ya riga ya yi baƙi. Babu namiji kusa sai shi. Ya ce a gafarce shi, ya sungume ta kamar jaririya ya kai mota, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi, har muka isa asibiti ba ta buɗe ba. An yanke yatsu biyu. Da ta farfaɗo, ba ƙafar ta fara tambaya ba. Cewa ta yi, "Kada a ga laifin yaron mutane." Shi kuwa kwana biyu ya kasa cin tuwo.

Ba don in tozarta kowa na rubuto ba. Aikinku alheri ne, ni shaida ce. Amma da an zaunar da tsoho ko ɗaya ranar da ake rabon unguwanni, da tambayar farko da zai yi ita ce: wa ke auren 'yar wa?

Don haka ina roƙo, don Allah don Annabi. A ba masu ziyara damar musayar gida in akwai surukuta ko wata kunya a tsakani, ba sai an jira izini daga nesa ba. A riƙa tambayar kowane tsoho, a keɓe, ko zai iya buɗe jikinsa ga wanda aka turo masa. A kuma sa tsofaffin kansu, maza da mata, cikin kwamitinku. Sannan a mayar wa Inna Nanarta.

Roƙon nan na ƙarshe na gaggawa ne. Jiya na ga ɗan tabo a diddigen ɗaya ƙafar, ni kuma gobe zan koma Dungu. Maigidana zai zo ziyara cikin makon nan, zai durƙusa a bakin ƙofa, ya tambayi jiki. Na san abin da Inna za ta ce masa ta bayan labule, kai ma yanzu ka sani.

Allah ya ja kwananka, ya ba ka tsufa mai kyau cikin 'ya'ya da jikoki, ya haɗa ka da wanda ba za ka ji nauyin nuna wa ciwonka ba.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Zuwaira, 'yar Hajiya Rakiya,
Matameye.