Salatif a Gindin Kwamfuta

Ƙanena,

Ina gaishe ka, don Inna ta koya mana gaisuwa ko rai a ɓace.

Kwamfutar ofishinmu na kawo maka ka canza mata allo, shi ke nan. Ka san abin da ke cikinta: sunayen matan da suka gudo wurinmu daga dukan mazajensu, da ɗakunan da muka ɓoye su. Na kulle fayilolin ta yadda ko ɓarawo ya buɗe, shirme zai gani, sai da kalmar sirri. Ka ce sai na ba ka ita ka gwada aikinka. A kunne na raɗa maka.

Yau aka dawo min da ita. Ina juyawa, sai ga kalmar da jan biro a kan salatif, manne a gindinta! Ka rufe ƙofa, ka rataye makulli a jikinta.

Wa ya shiga shagonka? Kada ka ce min "jama'a". Mijin malamar jinya da ke hannunmu ya rantse sai ya nemo ta.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Don Allah ki yafe min. Haka muke yi wa kowace na'ura don kada mu rikita na mutane. Hannuna ne ya rubuta, ba kaina ba.

Jiya wani dogo mai tabo a gira ya kawo waya, wai ba ta ɗaukar caji. Ya ce, "Kai ne ƙanen matar nan mai ɓoye matan mutane?" Na yi dariya, na zaci wasa ne. Ya ce zai tsare min shago in je maƙwabta in samo masa caja. Da na dawo, kwamfutarki da ɗumi. Wayarsa kuwa lafiyarta ƙalau.

Yaya, shi ne? Na kasa cin abinci. Allon ma na bar miki kyauta.

Ƙanenki mai neman afuwa

Ƙanena,

Gaisuwa. Shi ne.

Mun fitar da malamar jinyar da 'yarta ta ƙofar baya, ko takalmi yarinyar ba ta sa ba. Ya iso ya tarar da katifa da labule. Sauran matan muna kan kwashe su. Na canza kalmar.

Na san za ka tambayi inda suke, don hankalinka ya kwanta. Ba zan faɗa maka ba. Har yanzu kana da salatif.

Allah ya shirye ka.
Yayarka