Shinkafa a Bakin Raga

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Filin Ƙwallon Bayan Tasha, Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da ta iyali da ta jama'ar da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya aka ji da hidimar kaka? Allah shi ba mu albarkacin abin da aka noma.

Bayan haka, cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, ina sanar da kai da sauran al'umma ɓacewar dutsena. Baƙin dutse ne mai faɗi, yana gabas da filin, daidai tutar kwana. Shekara goma sha tara nake zama a kansa duk ranar wasa. Daga kansa na zagi alƙalan wasa da dama, na kuma nemi gafarar Allah bayan an tashi. An yi masa ganin ƙarshe mako uku da suka wuce, kafin a jibge buhunan shinkafa a kansa. Ya bar ni, da ciwon baya.

Da a kan dutse kaɗai maganar ta tsaya, da na haƙura. Ga sauran.

Na ɗaya. Filin nan shi ne gidan ƙungiyarmu, Damisar Mafara, wadda ke buga ƙaramar gasa ta rukunin ƙasa. Ba mu taɓa fitowa a talabijin ba. 'Yan wasanmu teloli ne da masu walda da 'yan kabu-kabu, sai malamin firamare guda da ke tsaron raga. Amma duk Asabar da la'asar garin nan na da wurin zuwa, inda ɗan kasuwa da leburansa ke ihu da baki ɗaya. Yau daga raga zuwa raga tamfol ne shimfiɗe, an baza shinkafa tana shan rana. Awaki ke buga tsakiya, tantabaru na buga gaba, kuma a gaskiya sun fi wasu 'yan gabanmu zuwa atisaye a kan lokaci. Ban san wane marar kunya ne ya fara kawo shanya filin nan ba, amma ya kamata a nemo shi a tsayar da shi gaban jama'a.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Masu shanya na kafa guntayen rodi a ƙasa don ɗaure tamfol kada iska ta kwashe. In sun naɗe kayansu sai su bar ƙarafan a binne, kawunansu kaɗai a waje, ƙaiƙayi ya rufe su. Ranar Laraba ta makon jiya Lawali, mai buga mana lamba tara, yana atisaye a ɗan gefen da ya rage, ya taka ɗaya. Ya huda takalmin ya shige tafin ƙafa. Lawali tela ne, da ƙafar nan yake taka keken ɗinkin da ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa uku da tsohuwarsa. Na je gaishe shi na tarar da shi zaune a shago, ƙafa a naɗe, ɗinkin mutane jibge a gabansa. Bai yi mini kukan ciwo ba. Abin da ya tambaye ni shi ne ko za a share filin kafin masu dubawa su zo.

Na uku ke nan. Kai ma ka sani, masu shirya gasa za su zo duba fili nan da Asabar biyu. Kocinmu, Malam Nasiru, ya gaya mini sun ce muddin suka tarar da shi haka, wasanninmu na gida sai dai a Bakura ko Maradun. Ba ni da abin faɗa a kan mutanen Bakura, surukaina ne, shi ya sa ma na san irin dariyar da za su yi mana. Amma wa zai bi ƙungiya can? Tsofaffin da ke dogara sanda su zo kallo ba za su hau mota ba. Mai walda ba zai rufe shago tun hantsi ba. Ƙungiya irin tamu ba ta da abin da ke riƙe da ita sai idon mutanen garinta. Kakar wasa ɗaya a waje ta isa ta watse, kuma na karanta tarihi daidai gwargwado, ban ga inda aka ce wanda ya bar gidansa da sunan kwana biyu ya dawo ya same shi yadda ya bari ba.

Sau biyu na zo ofishinka. Zuwan farko aka ce ka tafi Dosara ta'aziyya, Allah shi jiƙan musulmi. Na biyu sakatarenka ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce maganar tana kan tebur. Na duba teburin da kyau, ranka ya daɗe, ban ga komai ba sai jarida da kwanon goro.

Kada a ce ina faɗa da manoma. Ni ma ina da 'yar gonata a Morai, na san shinkafar da ba ta sha rana ba asara ce, na kuma san shanya a bakin kwalta ta fi wannan haɗari. Don haka ga abin da nake roƙo:

A buɗe wa masu shanya fegin da ke bayan katangar yamma, inda ake ajiye motoci ranar wasa. Ƙasarsa tsandauri ce, ta ma fi dacewa, kuma kwana shida a mako ba kowa a cikinsa sai ƙadangaru.

A sa rana kafin zuwan masu dubawa, kwamiti da 'yan wasa da manoma mu bi filin taku-taku mu tone ƙarafan nan. Ni na riga na fara. Kullum bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa ina zuwa da bokiti da 'yar diga. Na cika bokiti ɗaya, yana zaurena. In ba a sa rana ba zan kawo shi in ajiye a kan teburin nan, ya samu abin da zai riƙe. Washegari kuma in koma in fara cika wani.

Sannan kwamiti ya taka ya je ya gaida Lawali. Ba wani abu zai ce ku ba shi ba, na san halinsa. Zuwan ne.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi sa ka gama da wannan kujera lafiya, shi ba Lawali sauƙi, shi kuma nuna mana Asabar ɗin da za ka zauna a rumfar manya ka ga an zura ƙwallo a ragar baƙi.

Saura magana ɗaya. Kafin in aiko da takardar nan na karanta ta a majalisarmu, don in ji ko ta yi zafi. Baba Ɗan-Ige, wani dattijo manomi daga Garbadu wanda tamfol ɗinsa ke daidai wurin bugun fenareti, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Malam, ai kai ka hwara. Shekaran nan da ruwa ya yi gardama, buhu biyu ka kawo daga Morai, ka baza gefen dutsenka. Ka ce muna kwana biyu ne kawai. Mu gani mun ka yi, mun ka bi sahu, tunda malami ya yi."

Na so in musa, sai na tuna har da duwatsun da na danne tabarmar da su. Gaskiyarsa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen naku. Ban goge maganar marar kunyar nan da ke sama ba, tunda ta sami mai ita. In an tashi tsayar da shi gaban jama'a, za a same shi a filin bayan la'asar, riƙe da bokiti.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sanusi Mai Dutse,
Talata Mafara.