Ruwan Ranar Lahadi Naki Ne, Idalina

Peniche, Talata da hantsi

Zuwa ga Idalina, matata, sanyin idona, fitilar bakin gaɓar da nake hangowa in gane hanyar gida, gishirin kwanakina, wadda har yau in ta shigo ɗaki sai in gyara zama kamar saurayin da ya zo zance.

Gaisuwa mai yawa, yawan yashin bakin tekun Medão. Ina fatan ƙugun naki yana ƙara sauƙi, ina fatan 'yarmu Marília da mijinta da yaran suna lafiya. Ki ce mata na ga kiranta, zan neme ta. Wannan takarda kuwa taki ce ke kaɗai, kada ki bar ta a kan teburin cin abinci.

Kin san halina da waya. Da na ji muryarki sai maganar ta tsere mini, in ɓuge da tambayar ko kin sha magani. Shi ya sa na nemi biro na zauna, domin abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Ruwa na zuwa a teku, Idalina, kuma irin naki ne.

Wata babbar guguwa ta tashi can tsakiyar teku, arewa maso yamma, inda babu jirgin da ke son rana ta faɗi masa. Ba za ta iso mu ba, saƙonta kawai za ta aiko. Na duba hasashen da yaran nan ke dubawa a wayoyinsu, sannan na hau katangar tashar jiragen ruwa na duba da idona, kuma a wannan karon ni da na'urar ba mu yi gardama ba. Ranar Alhamis ruwan farko zai iso a hargitse, iskar kudu na marinsa ta gefe, kumfa ko'ina, babu mai hankalin da zai jiƙa ƙafarsa. Juma'a iska za ta juya, igiyoyin ruwa su miƙe har su ninka tsayin mutum. Wannan ranar samari ce masu ƙashi kamar roba, za su cika bakin teku da motoci da masu ɗaukar hoto, wasu su karya allunansu na hawan igiyar ruwa, su fito suna dariya da jini a goshi. Asabar zai fara lafawa. Amma Lahadi, farin cikin raina, Lahadi Allah ya ware ta domin ke.

A ranar guguwar ta gaji, sai ragowar numfashinta ke isowa: igiyoyi iya ƙirji, masu tafiya a jere da tazara mai faɗi, kowace tana jiran ta gabanta ta gama magana kafin ta buɗe baki. Iska za ta fito daga gabas, daga tudu, siririya, ɗauke da ƙanshin burodi da hayaƙin itace, ta riƙa shafa fuskar ruwan tana tallafe shi, ya tsaya ya yi santsi kamar gilashi kafin ya sunkuya ya naɗe. Teku zai gama janyewa da asuba, ya fara cikowa da fitowar rana, da hantsi yana rabin cika. Haukan tekun watan jiya kuma ya yi miki aiki: ya tara yashi a ƙarƙashi can ƙasa, nesa da inda samari ke cunkoso, tudu mai faɗi mai gangara a hankali, igiya na karyewa a kansa zuwa hagu ba tare da zafin kai ba. Jiya na tsaya ina kallonsa har kofina ya huce a hannuna, kuma kowace igiyar da ta wuce babu kowa a kanta sai na ji kamar kujerarki ce a gida.

Shin kin san yadda kike a kan ruwa? Ina za ki sani, tunda ba ki taɓa ganin kanki ba? Ni ne na gani, kuma ni zan ba da shaida.

Muna dawowa daga kamun kifin sadin a jirgin Kawu Gaspar, da safe, jiki duk ɓawon kifi, ido duk barci, sai muka hango wani abu baƙi yana tashi yana faɗuwa a cikin kumfa bayan masana'antar kifin gwangwani. Kawu Gaspar ya ce, "Wancan ɗan wa ne yake neman sa uwarsa kuka?" Fausto mai kula da inji ya kare ido da tafin hannu ya ce, "Ba ɗa ba ne, Kawu. 'Yar Zulmira ce, mai yanke kan kifi a masana'anta. Wani baƙo ɗan Ostareliya ya bar mata allonsa da zai tafi." Kawu ya girgiza kai ya ce, "To, Allah ya ba Zulmira haƙuri." Bai rufe baki ba kika miƙe. Cikin rigar ulun yayanki wadda ta sha ruwa ta yi nauyi, gashinki manne a wuya, kika tashi tsaye a kan katakon nan kamar tsuntsun teku da ya sami iskar da yake jira, ruwan ya yi rumfa a bayanki, kore shar, rana na ratsa shi, ke kuwa kina gudu a gabansa hannunki ɗaya na shafa bangonsa kamar mai lallashin doki. Kawu Gaspar, wanda bai taɓa yabon kowa ba har limamin coci, ya rage gudun inji don mu gama kallo.

Ni kuwa da wautar ƙuruciya, ko gida ban je ba, na zagayo bakin ruwa don in yi miki gargaɗi. Na ce, "Yarinya, ruwan nan in ya fara janyewa yana ja ta gefen duwatsu. Ya ci mazan da suka fi ki." Leɓunanki sun yi shuɗi don sanyi, haƙoranki na haɗuwa, amma kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Tunda ka san shi haka, masunci, daina tsorata ni. Gaya mini yaushe zan zo gobe." Na dubi gajimare, na dubi tutar tashar jirage, na ce ki zo da hantsi. Kika zo, ruwan kuma bai ba ni kunya ba. Aikin da kika ɗauke ni ke nan, kuma ban taɓa neman wani ba.

Wace mace ce irinki, ke kurciyata mai zuciyar shaho? Matan kasuwa sun yi gulmarki har suka gaji, mahaifiyarki ta ɓoye allon a bayan kejin kaji, kika nemo shi kika wanke. Ranar aurenmu kin iso coci gashinki da danshi, limami ya yi kamar bai gani ba, mahaifiyata kuwa ta gani, ba ta kuma manta ba har ta koma ga Allah. Kin goyi Marília, kin tsaya a masana'anta har yatsunki suka kanƙame, kin yi jinyar iyayenmu duka, kuma duk da haka in na ce miki iska ta juya gabas sai in ga idonki ya kama haske irin na ruwa da sassafe. Furfura ta zo ta same ki a kan allo, ta zauna a kanki kamar kumfa a kan igiya, ta ƙara miki kyau. 'Yan matan da ke shiga ruwan nan yanzu da rigunan roba masu launi, babu wanda ke musu kallon mahaukata, da yawansu ba su san hanyar wa suke bi ba. Ni na sani.

Tun da aka yi miki aikin ƙugun nan kika tafi Portalegre jinya wurin Marília, gari ya zama fanko. Ina dafa abinci na mutum biyu in ci rabi a tsaye. Benedita mai shagon kofi ta dube ni shekaranjiya ta ce, "Abílio, yaushe uwargida za ta dawo? Ka zama kamar kwalekwalen da aka kife a tudu, har kyankyasai sun fara neman wurin zama." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma gaskiya ta faɗa.

Sai ga maganarki ta ranar Lahadin da ta wuce. Kika ce, "Tsoho, ka ba da allon nan ga duk mai so. Ƙarfe ne a ƙuguna yanzu, ƙarfe kuwa nitsewa yake." Kin yi dariya da kika faɗa, amma na daɗe ina sauraron dariyarki, na san wadda ke fitowa daga ciki, na san wadda ake shimfiɗawa a rufe rami. Kika ƙara da cewa Marília ta samo mana gida kusa da nata, marar bene, kuma masu gidan na son amsa kafin wata ya ƙare. Ban ga laifin 'yarmu ba. Ita ta kwana a kujerar asibiti, ita ta ga fuskarki lokacin da kika farfaɗo, tana da haƙƙin jin tsoro. Amma ni ma ina wurin ranar da likita ya ce, "Nan da kaka za ta iya komawa. A hankali dai, ruwa marar ƙarfi, ban da tsalle." Ga kaka ta zo, ga ruwa marar ƙarfi yana tafe.

Ki yafe mini in faɗi abin da na gane. Ba nitsewa kike tsoro ba, ke da kika sha fita daga ƙarƙashin ruwan da ya fi gidanmu tsayi. Tsoronki shi ne ki yunƙura ƙafa ta ƙi, a gaban mutanen da suka saba ganinki kamar walƙiya. To wa zai gani, zinariyata? Samari za su kwana da gajiyar Juma'a da Asabar, inda na zaɓa miki kuma babu kowa sai tsuntsaye. In kin hau a kwance, kin hau. In kin hau a durƙushe, kin hau. Teku bai taɓa tambayar kowa shekarunsa ba.

Ga kuma abin da na kasa faɗa miki a waya, don na san za ki yi dariya har ɗinkinki ya motsa. Kin san duk rayuwar da na yi a kan jirgi ban iya iyo ba, kamar ubana, kamar kakana. Tun makon da kika tafi nake zuwa wurin koyon iyo na gari da safe. Ajin da aka sa ni na tsofaffin mata ne, ni kaɗai ne namiji, da hular roba a kai kamar ƙwai. Ranar farko na sha ruwa har na ƙoshi. Goggo Albertina, wadda kuka yi aiki tare a masana'anta, ta riƙe bakin tafkin tana haki don dariya ta ce, "Abílio, duk kifin da ka kama a duniya, babu ko ɗaya da ya koya maka?" Na roƙe ta kada ta gaya miki, kuma ga alama ta riƙe amana, abin da ban taɓa zata ba. Yanzu ina ƙetare tafkin daga wannan bango zuwa wancan. Babu kyan gani, kamar kare ya faɗa rafi, amma ina isa. Ɗan Fausto ya ara mini rigar roba, in na shiga cikinta kamar buhun dankali da aka ɗaure a tsakiya.

Ga abin da nake roƙo. Ki hau motar Asabar ta safe, ki sauya a Lisbon, zan tsaya miki a tasha, farfesun kifi na jira a kan wuta. Lahadi da hantsi mu sauka tare. Zan shiga har ruwa ya kai mini ƙirji, in riƙe bayan dogon allonki, ke ki kwanta ki huta, kada ki wahalar da ƙugun. Ni zan duba miki teku kamar kullum, in bar ta farko ta wuce, in bar ta biyu, in na ga taki sai in ce "yanzu", in tura ki da duk ƙarfin da ya rage a kafaɗuna.

Bayan nan, duk abin da kika yanke shi ke nan. In kin fito kin ce Portalegre, wallahi ba zan yi musu ba. Zan ba ɗan Fausto ƙaramin kwalekwalena, in kulle ƙofa, in bi ki cikin duwatsu da itatuwan zaitun, in koyi barci ba tare da ƙarar ruwa ba, domin ba Peniche na aura ba. Abin da zuciyata ba za ta ɗauka ba shi ne ki yi sallama da teku daga nesa, ta waya, da dariyar da ba taki ba. Mace irinki, in za ta ajiye allo, ta ajiye shi a jiƙe.

Duk shekarun nan daga tudu nake kallonki, ko daga kan jirgi, hannuna a aljihu. Ban taɓa sanin sanyin da kike shiga ba, ban taɓa jin yadda igiya ke ɗaga mutum kafin ta wuce ba. Ranar Lahadi ina so in tsaya a inda kike tsayawa, ruwa na dukan ƙirjina, in sake ki da hannuna, in ga bayanki yana nisa zuwa gaɓa. Ko da tsawon numfashi ɗaya ne, ya ishe ni. Ki zo, Idalina.

Naki ne ni, a ruwa ko a tudu, da ƙarfi ko da sanda, har ranar da hannunki zai rufe mini ido.

Mijinki,
Abílio