Manyan Haruffa Domin Direba

Zuwa ga jikata Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da wannan aikin naki da ya hana ki leƙo mu. Kakarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Kada ki yi wa takardar nan dariya. Ƙwarai, da tsohuwar tafireta na buga ta, wadda kuka ce in kai gidan tarihi. Na jawo ta daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe, domin kwamfutar da kika ba ni ta juya min baya. Na buɗe manhajar rubutu, sai ta ce wai lasisina ya ƙare. Wai in karanta abin da na rubuta, amma ba ni da ikon ƙara ko wasali ɗaya. Ni da rubutuna!

Kin san abin da ke ciki. Tarihin aminina Direba ne, wanda yake zuwa kullum da yamma ya zauna a kujerar bakin taga, yana ba ni labarin hanyoyin da ya bi da babbar mota, ni kuma ina bugawa. Saura babi ɗaya mu gama. Abin da ba ki sani ba shi ne maganar idonsa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce yana bin sahu. Burinsa ɗaya ne a duniya yanzu, ya karanta littafinsa da idonsa kafin hasken ya ɗauke. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Na kai wa mai gyaran kwamfuta na bakin titi. Ya ce zai sa min wata ta bayan fage, ba wanda zai sani. Na ce masa ai ni zan sani. Har na gama aikin akawu ko fensirin ofis ban taɓa zuwa da shi gida ba, ba zan buga tarihin mutumin kirki da kayan sata ba.

Ki nemo min mafita, don irin wannan rana aka kai ki makaranta.

Kakanki,
Akawu mai ritaya

*

Zuwa ga Kaka, tsoho mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaishe da Kaka ta mace, ka ce mata ina ci har ina ƙari. Dariya kuwa na yi ta, har abokiyar aikina ta leƙo. Amma da na zo kan maganar Baba Direba sai dariyar ta tsaya.

Kwantar da hankalinka. A cikin ambulan ɗin nan akwai 'yar filas, wato 'yar ma'ajiyar bayanai, ka soka ta a gefen kwamfuta. Na sa maka manhajoji biyu. LibreOffice ta rubutu ce, za ta buɗe littafinku ka ci gaba daga inda ka tsaya. GIMP kuma ta gyaran hoto ce, saboda hoton motar Baba Direba da ya koɗe.

Na san tambayar da ke bakinka: ta waye, kuma ya yarda? Ya yarda, Kaka. Buɗaɗɗiyar manhaja ake ce wa irinsu. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina su, suka bar cikinsu a buɗe kamar motar da aka ɗaga murfin injinta, kowa ya leƙa, mai iyawa ya gyara. Sun rubuta a fili cewa kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba maƙwabcinsa. Ba sata ba ce, kuma babu ranar da za ta ce maka lasisi ya ƙare.

Yadda za ka girka su yana bayan takardar nan. In kun gama babin ƙarshe, ka zaɓi rubutun duka ka ƙara girman haruffan, yadda Baba Direba zai gani ba wahala.

Jikarka da ta fi ka iya kwamfuta,
Injiniya

*

Zuwa ga Injiniya marar kunya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Labarin biyu ne, mai daɗi da marar daɗi.

Mun girka su. Kakarki ce ta riƙe takardarki tana karanto min, tana yi min tsawa duk inda na yi gaggawa. Da littafin ya buɗe, na danna harafi na ga ya zauna, sai da na miƙe tsaye na yi kabbara. Mun gama babin ƙarshe, Direba ya rufe da labarin ranar da ya miƙa makullin mota ya dawo gida a ƙafa. Hoton ma na taɓa shi, har lambar motar ta fito.

Sai na ƙara girman haruffa yadda kika ce. Injiniya, littafin ya watse. Layi ɗaya dogo, na ƙasansa kalma biyu, sai dogo, sai kalma ɗaya tilo, haka har ƙarshe. Na buga shafi guda na ba Direba. Ya kai shi kusa da fuska, ya yi ta fama, in ya sauko layi sai ya ɓata inda yake, har idon ya fara hawaye. Ya ajiye ya ce, "Akawu, wannan hanyar taka ramuka sun yi yawa." Ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

Na fara gyarawa layi-layi da hannu, amma a tafiyar da nake yi, idon Direba zai riga ni isa. Dama na faɗa wa kakarki abin kyauta sai an yi hattara. Ga filas ɗin nan na mayar miki da littafin a ciki, ki ga ɓarnar da mutanenki suka yi.

Kakanki da ransa ya ɓaci

*

Zuwa ga Kaka, sarkin akawuna,

Gaisuwa da ban girma. Ka daina gyaran nan da hannu yanzun nan, ka sha shayi, an gama.

Na buɗe littafin, na sa manhajar ta nuna min alamomin da ba a gani, sai ga mai laifi. Kaka, kai ne! Ashe duk lokacin da ka kai ƙarshen layi sai ka danna babban maɓallin saukowa, kamar yadda kake tura hannun tafireta. Kwamfuta da kanta take saukowa. Kai kuwa ka datse kowane layi daidai faɗin ƙananan haruffa, da suka girma sai layin ya kasa ɗaukarsu, ragowar ta zubo ƙasa. Ko da tsohuwar manhajarka ce, haka za ta yi.

Na zauna ina tunanin yadda zan haɗe dubban layuka ba tare da na cakuɗa sakin layi ba. Sai na shiga zauren intanet da masu amfani da manhajar suke taimakon juna, na yi bayani. Wani bawan Allah da ban taɓa sani ba ya tambaye ni, "Da me kakanki yake fara sabon sakin layi?" Na duba, na ga filin harafi biyar kake bari a farkon layi, daga shafin farko har na ƙarshe, ko sau ɗaya ba ka yi huɗu ba. Ya ce shi ke nan. Ya rubuto min ɗan gajeren umarni: duk inda aka sauko babu fili biyar, a haɗe. Na danna, kafin in ajiye kofi littafin ya miƙe sumul.

Tarbiyyar tafireta ce ta jefa ka rami, ita ce kuma ta fito da kai. Mutumin ya ce in gaishe ka, wai bai taɓa ganin hannu mai tsari irin naka ba. Ga filas ɗin nan na mayar maka da gyararren littafin, ka kai a buga yau, kada ka jira gobe.

Taka har kullum,
Injiniya

*

Zuwa ga jikata ta kaina,

Assalamu alaikum. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Kafin komai, ba laifina ba ne. Tafireta tana da ƙararrawa, in ta ce ƙil sai ka sauko. Ita kwamfutarku ba ta da ƙararrawa, amma ni ina jin ta a kaina. Na dai janye abin da na faɗa game da mutanenki, kakarki shaida ce.

An buga. Da manyan haruffan nan littafin ya yi kauri har da hannu biyu na ɗauko shi. Na ɗora wa Direba a cinya, ya shafa bangon, ya buɗe, ya karanta layin farko da ƙarfi ba gargada. Sai ya rufe ya ce in tashi in ba shi wuri. Tun ranar bai zo kujerar bakin taga ba. Matarsa ta ce kullum yana tsakar gida inda rana ta fi haske, kuma duk wanda ya ce bari ya taya shi, sai ya kore shi. Tafiyar a hankali take, idon kuma yana ƙara ja baya. Muna dai addu'a.

Filas ɗinki kuwa ta zaga unguwa. Tela ya kwafa, mai kemis ya kwafa, har mai gyaran kwamfuta ya zo yana sosa ƙeya. Ni ne malaminsu yanzu, darasina na farko shi ne kada kowa ya taɓa maɓallin saukowa.

Wannan bawan Allah da ya taimake mu, ɗan gidan waye? Ki binciko min, ina so in rubuta wa mahaifinsa.

Kakanki mai alfahari da ke

*

'Yata Injiniya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, layin yana hawa yana sauka, hannuna ne ba na Akawu ba.

Na gama. Shafukan ƙarshe sai da na manna hancina a takarda, amma ni na karanta, ba wanda ya karanta min. Na yi dariya, na yi kuka da na zo kan labarin mahaifiyata. Ashe na yi rayuwa mai kyau ban sani ba.

Likita ya ce nan gaba sai dai a riƙa karanta min. To, a karanta. Na riga na san inda kowace kalma take, duk wanda ya tsallake min layi zan kama shi.

Allah ya saka miki da alheri.

Babanki,
Direba