Kalmar da Ta Tsayar da Inji

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da ɗalibanki.

Taimakonki nake nema, tunda Turanci kike koyarwa. Inji na uku a masana'antarmu yana wata ƙara da ba ta kwanta mini ba, kamar ana goga cokali a bayan tukunya. Shekara goma sha tara ina kwance injin nan ina ɗaurawa, na san ƙarfen da ke juya shi ya tsage. Mutum shida ke aiki a gabansa.

Sabon injiniyanmu ba ya jin Hausa. Sau uku ina ce masa, "I think it is broken." Sai ya dafa kafaɗata ya yi murmushi ya wuce. Ran Litinin ta sama za a ƙara wa injin gudu. Wai me ke damun Turancina?

Yayanki.

Yaya,

Mun ga wasiƙarka, Inna na gaishe ka.

Turancinka lafiya lau, sai dai spana ɗaya kake kwance kowane noti da ita. A kunnensa, "I think" kamar "ina jin" ne, mai faɗa bai tabbata ba. In zato ne kawai, ka ce "suppose" ko "guess". In zargi ne, "suspect". In ka zauna ka auna magana, "consider". Amma wadda kake bukata ita ce "I am convinced", wato na tabbata, ba mai juya ni.

Ka yi ta maimaitawa a gaban madubi. Kuma don Allah ka daina sunkuyar da kai kamar kai ka tsaga ƙarfen.

Allah ya dafa maka.
Autarku.

Auta,

Bayan gaisuwa, nemi kujera ki zauna kafin ki karanta.

Ran Litinin da safe injiniya ya kai hannu zai kunna, sai na shiga tsakaninsa da makunnin. Na tsaya, kaina a ɗage. Na ce, "Sir, first I suspected. Then I considered. Now I am convinced."

Injiniya ya janye hannunsa daga makunnin. Ya cire tabaransa ya dube ni, ya ce, "Convinced?" Na kama wuyan rigar aikina na nuna masa ƙofa, wato in aka buɗe injin ba a ga komai ba, in tuɓe in kama gabana. Ya gane.

Minti arba'in muka yi muna kwance murfi. Auta, tsagar ta kai tsawon yatsana, saura ƙiris ƙarfen ya rabu biyu! Wata mai shara, wadda mijinta ke cikin shidan nan, ta zube ƙasa tana hamdala. Injiniya ya damƙi hannuna, da baƙin man da komai, ya ƙi saki. Ya tara kowa ya ce daga yau ba a tada inji sai na sa hannu.

Ki turo mini wasu kalmomin, na sayi littafin rubutu.

Yayanki, cikin farin ciki.

Yaya,

Barka, barka! Sau biyu na karanta wa Inna. Ba ta gane Turancin ba, amma ta karɓe takardar ta zagaya da ita gidajen maƙwabta, har yanzu ba ta dawo ba.

Autarku.