Ranar da Na Raba Ka da Amfilinka

Briketeri, Yawunde

Zuwa ga yayana, Malam Ɗanlami mai jita, a Ngaundere.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Asabe da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai ruwan sama da har yau bai gaji da mu ba.

Na san waya ba ta yi maka daɗi yanzu, shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma ajiye takardar inda jama'a za su gani, domin a gaban jama'a na yi maka laifi, bai dace in nemi gafara a ɓoye ba.

Bikin 'yata Zainabu ya matso, mako uku bayan Sallah. Ranar sunanta kai ka ɗauke ta a hannu, ka ce in Allah ya kai mu aurenta ba mai taɓa jita sai kai. An sha ba ta labarin har ta haddace. Kullum sai ta tambaye ni ko Babanta Ɗanlami zai zo, ni kuwa sai in sunkuya in kama gyaran wayar da ba ta lalace ba. Yaya, so nake ka zo. Amma bari in fara da abin da ya kore ka.

Ka tuna Hajiya Babba? Amfilinka nake nufi, baƙin akwatin nan da ke ba jitarka murya. Shekara ashirin muna yawon bukukuwa tare, kai da jita, ni a bayan mikisa ina daidaita sauti, ita kuma tana cin kujerar gaba a tasi mu muna matse a baya. Shi ya sa muka sa mata sunan. Mutum biyu ke kinkimar ta, su ma sai sun huta a hanya.

Ba ka taɓa kiɗa a tsaye ba. Kullum a kanta kake zama, ka jingina ƙafa da jikinta. Mu yi ta tsokanarka, wai ka mai da kayan aiki kujera. Sai ka yi murmushi ka ce, "Kiɗa ba a kunne yake ba, a ƙashi yake." Ni na ɗauka irin zancen hikimar nan ne da manya ke yi don a ce sun yi magana.

Sai shekarun tsoro suka zo, lokacin da bama-bamai ke tashi a can Arewa, mu kuma nan ana kallon duk mai doguwar riga sau biyu. Ka san yadda aka yi. Bahaushe daga Briketeri, ɗauke da ƙaton akwati wayoyi na leƙowa ta bayansa, wa zai bar shi ya wuce? Kowane shinge sai an sauke Hajiya Babba, an kwance bayanta, an haska cikinta. Ban ga laifin masu binciken ba, su ma tsoro suke ji. Amma masu tasi suka fara gudun mu. Akwai ranar da muka isa gidan biki a unguwar Etoudi an riga an kai amarya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ganin ka tsugune a bakin titi, da furfurarka, kana kwance kusoshi, yara sun kewaye ka suna kallo. A ranar na rantse sai na raba ka da wannan wahala.

Haka na samo fedal ɗin. Ɗan ƙarfe ne da bai fi gwangwanin sadin ba, da maɓallai biyar a kansa. Jita ta shiga ta nan, waya ta fita ta can kai tsaye zuwa mikisa, shi ke nan, ba amfili ba ɗaukar kaya. Aikinsa kwaikwayon muryar amfili. Kwana huɗu na yi a shago ina murɗa maɓallan nan, ina kunna Hajiya Babba ina kunna shi, har na kamo muryarta sak, har da 'yar dishewar nan da take yi in ka ja tsirkiya ta ƙasa da ƙarfi. Na zo maka da shi a aljihu ina ta washe baki kamar wanda ya haƙo rijiya.

Ka juya shi a tafin hannunka, ka daɗe kana kallo. Ka ce a dai tafi da Hajiya ko da ba za a kunna ta ba. Na yi dariya na ce ai don a huta da ita aka kawo wannan. Ban ko tambaye ka dalili ba.

Wani biki ne a unguwar Tsinga, da la'asar, don lokacin taro ba ya wuce magariba. Aka ba ka farar kujerar roba. Lasifikoki suna gabanka sun ba ka baya, suna fuskantar jama'a. Da ka taɓa jita, wallahi sautin ya fito tas, har mai kalangu ya waigo ya ɗaga min hannu. Kowa a zauren nan ya ji ka. Kai kaɗai ne ba ka ji kanka ba.

A waƙa ta biyu ka fara jan ƙafa a bayan ganga. A ta uku kowa ya tsaya, kai kana ta kaɗawa kai kaɗai, idonka a kan yatsunka. Mata suka fara rufe baki da gyale. Na ga ƙafarka tana ta laluben wani abu a ƙarƙashin kujera, na ɗauka takalminka ne ya zame.

Da aka tashi, muna naɗe wayoyi, ango da mutanensa na tsaye, na ce maka, "Yaya, in tsufa ne ya zo ka faɗa mana mu nemi wani." Magana zarar bunu ce. Ka dubi bakina, ba idona ba, ka gane abin da na ce. Ka cire fedal ɗin, ka goge shi da hannun riga, ka sa min a hannu ka ce, "Abin naka yana da kyau, Habibu." Kafin wata ya ƙare ka tattara iyali ka hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere.

Sai bayan shekara, da Yaya Asabe ta zo wata gaisuwar rasuwa, ta zaunar da ni ta gaya min. Kunnenka na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ma saura kaɗan. Zaman kusa da amfili ne ya cinye su. Hajiya Babba ta ci maka kunne, sannan ta zame maka kunne: girgizarta kake ji a ƙugu da ƙafa, da ita kake gane inda kiɗa yake. Ka hana a gaya min, wai kada in riƙa tausaya maka a wurin aiki.

Yaya, ni da sana'ata saurare ce. Ina jin lasifikar da ta fara tsagewa tun daga ƙofar zaure, amma ban ji wana yana kurumcewa a gefena ba. Na tuna yadda kake juyo da gefen dama in ana magana, da yadda rediyonka ke damun maƙwabta. Duk na gani, ban haɗa ba. Na ji kunya, har yau ina ji, kuma ina kewarka ƙwarai.

Yanzu ga labari, mai ɗaci da mai daɗi. Hajiya Babba ta rasu. Rufin shago ya yi yoyo a daminar bara, ruwa ya shige ta ya lalata kayan cikinta. Lasifikarta kawai ta tsira. Muryarta kuwa tana nan cikin fedal, don tun ranar Tsinga ban bar kowa ya taɓa maɓallan nan ba, na ma liƙe su da salatif.

Na ɗauki lasifikar na kai wa wani kafinta a unguwar Madagaskar. Ya ƙera min kujera ta katako mai ƙwari, daidai tsayin Hajiya, muka kafa lasifikar a ciki tana kallon sama, da ɗan ƙaramin amfilin da zai tura ta. Jita za ta bi ta fedal zuwa mikisa yadda aka saba, ni kuma in mayar maka da sautinka da na ganga ta wata waya, su shiga kujerar. Kafintan ya yi ta tambaya wane irin mutum ne ke son zama a kan ƙara. Na ce masa wana ne, kuma ya fi mu sanin abin da yake yi.

Na gwada ta da kaina. Na cusa auduga a kunnuwa, na naɗe kai da rawani, na zauna a kai, na sa mai kalangu ya buga, wani abokinmu ya kaɗa jita. Da fari ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Can sai kiɗan ya hau ta ƙafafuna, ya bi ƙashin baya har wuya. Na gane waƙar ba tare da na ji ta ba. Ina zaune da rawani kamar sabon limami, hawaye na zuba, su kuma suna ta dariya ba su san dalili ba. Ashe gaskiya ka faɗa mana shekara ashirin muna yi maka dariya.

Kada ka damu da shingen hanya. An sassauta yanzu, kuma ko ba a sassauta ba, ni zan ɗauki kujerar. In za a tsayar da wani a sa shi kwance kusoshi a bakin titi, ni za a tsayar. Kai dai ka zo da jitarka da sabuwar hula.

In kuma ka ga ba za ka iya kiɗan ba, ka zo haka nan ka sa wa 'yarka albarka. Ba wanda zai hau kujerar. Za a ajiye ta a gaba, kusa da ni, inda Hajiya ta saba zama.

Ka yafe min, Yaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka abin da ya rage na jinka, ya jiƙan iyayenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya sa in ga ƙafar nan taka ta lalubo abin da take nema, ta same shi.

Ba sai ka kira ba. Ka sa a rubuto min ranar da jirginka zai iso, za ka same ni a tasha, ta gefen damanka.

Ƙanenka mai kewarka,
Habibu mai mikisa